Yadda Ake Warware Aljabara Daga Cikin Editan Rubutu Ba Tare da Kwafa da Hannu Ba

Duk malamin lissafi da ya taɓa shirya takardar jarrabawa tare da takardar amsoshinta ya san cewa kuskure ya fi son ɓuya a wurin kwafa. Mutum zai warware tambaya daidai a takardar gefe, ko a wata manhajar lissafi, sannan ya juya domin ya shigar da amsar cikin fayil ɗin da yake rubutawa, sai alamar ɗebewa ta zube a hanya, ko 3 ta rikiɗe ta koma 8. Ni kaina na taɓa raba wa abokan aikina takardar amsoshi ta 'yan ajin ƙarshe a wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi, muka yi wa rabin aji maki kafin wata malama ta lura cewa amsar tambaya ta shida ba ta dace da tambayar ba. Lissafin da na yi a gefe daidai yake, hannuna ne ya yaudare ni wajen ɗauko shi. Tun daga lokacin na koma wani tsari wanda a cikinsa tambaya da amsa suke zaune a fayil ɗaya, editan rubutu ne yake miƙa tambayar ga manhajar aljabara, shi ne kuma yake ajiye amsar a ƙarƙashinta, ba tare da na sake buga ko harafi ɗaya ba. Wannan tsarin ne zan bayyana a nan, domin malaman sakandare da kuma ɗaliban lissafi da injiniyanci na manyan makarantunmu, irin su jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da kwalejin Waziri Umaru.

Abubuwa biyu ake buƙata. Na farko shi ne manhajar da take iya sarrafa haruffa kamar yadda kalkuleta take sarrafa lambobi, wato wadda za a ba ta x² − 5x + 6 ta mayar da (x − 3)(x − 2). Wadda na zaɓa ita ce Maxima, saboda kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma da zarar an girka ta ba ta neman intanet, abin da ba ƙaramar riba ba ce ga wanda yake auna data da cokali. Asalinta tsoho ne: ta fito ne daga Macsyma, wadda aka fara ginawa a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, kuma William Schelter ne ya riƙe wannan reshe daga 1982, ya samu izinin sakin ta kyauta ga kowa a 1998, ya ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a 2001. Na biyu shi ne edita da yake iya tura wani yanki na rubutu ga wata manhaja ya karɓo abin da ta fitar. Vim, wanda Bram Moolenaar ya fitar a 1991, da GNU Emacs na Richard Stallman, wanda ya fito a 1985, dukansu suna yin wannan aiki tun fil azal. Microsoft Word ba ya cikin wannan sahu, domin shi aikinsa tsara shafi ne. Wanda ya saba kai wa mai bugu a bizines senta zai iya riƙe fayil ɗin rubutu tsantsa a matsayin asali, ya miƙa abin da ya kammala a ƙawata masa daga baya.

Girkawa da ƙa'idojin rubuta wa Maxima

A kan Ubuntu ko Debian, waɗanda nau'o'in Linux ne, umarni ɗaya ya isa, a rubuta shi a tagar umarni, wato terminal:

```
sudo apt install maxima maxima-share vim emacs
```

Kada a manta da `maxima-share`, domin ayyuka da dama, kamar `trigsimp` da ke sauƙaƙa jimlolin sin da cos, a cikinsa suke, kuma idan babu shi Maxima za ta yi ta kukan cewa ba ta ga fayil ba. A kan Windows ana sauke manhajar girkawa daga shafin Maxima, sannan a ƙara babban fayil ɗin `bin` da ke cikinta a jerin wuraren da Windows yake neman umarni, wanda ake kira PATH. Gwajin da zai tabbatar komai ya zauna shi ne a rubuta `maxima` a tagar umarni a ga ta buɗe, a fita da `quit();`.

Maxima tana da tsaurin ra'ayi a kan yadda ake yi mata magana, kuma yawancin wahalar makon farko daga nan take fitowa. Kowace jimla dole ta ƙare da waƙafi mai ruwa, wato `;`, idan ana son ganin amsa, ko da alamar dala, `$`, idan ana son ta yi aikin ta yi shiru. Ninkawa dole a rubuta ta da tauraro: `2*x` ne daidai, `2x` da muka saba rubutawa a allo kuskure ne a wurinta. Ana ɗaga lamba da `^`, kamar `x^2`. Ba wa harafi daraja ana yin sa da ruwa biyu, `a : 5`, alamar `=` kuwa an keɓe ta ga daidaiton da ake son warwarewa, yayin da ake ƙirƙirar fonshin da `:=`. Lambobin da suke da suna na musamman suna ɗaukar alamar kaso a gabansu: `%pi`, `%e` da `%i`. Idan aka rubuta `pi` kawai, Maxima za ta ɗauke shi a matsayin wani harafi da ba ta sani ba, ta ci gaba da lissafi da shi ba tare da ta ce uffan ba, wanda ya fi kuskuren da ke ihu haɗari.

Kafin a haɗa ta da edita akwai gyara ɗaya da ya zama dole. Maxima ta saba fitar da amsa a layuka da yawa, ta ɗora lambar sama a kan ta ƙasa kamar yadda ake yi a littafi, ta kuma sa wa kowace amsa lamba irin `(%o1)`. Wannan yana da daɗin kallo a tagar umarni, amma a cikin fayil shara ce. Maganinsa ɗan ƙaramin fayil ne na umarni, wanda ni na raɗa wa suna `lissafa`:

```
#!/bin/sh
( echo 'display2d:false$ linel:1000$'; cat ) | maxima --very-quiet | sed '/^$/d'
```

Ma'anarsa ita ce: kafin duk abin da edita zai turo, a fara gaya wa Maxima ta riƙa ba da amsa a layi ɗaya, kada kuma ta karya layin sai ya kai harafi 1000, `--very-quiet` yana hana ta gaisuwar buɗewa da lambobin amsa, `sed` kuma yana share layukan da babu komai a cikinsu. A ajiye shi a wurin da na'ura take neman umarni, misali `/usr/local/bin`, a ba shi izinin gudana da `chmod +x`. Mai amfani da Windows, wanda wannan fayil ba zai yi masa aiki ba, sai ya rubuta `display2d:false$` a cikin fayil mai suna `maxima-init.mac`, wanda Maxima take karantawa duk lokacin da ta tashi; idan ya rubuta `maxima_userdir;` a cikinta za ta faɗa masa inda ya kamata fayil ɗin ya zauna. Daga nan duk inda na ce `lissafa`, shi sai ya rubuta `maxima --very-quiet`.

A cikin Vim

A buɗe fayil, a rubuta tambayar da Hausa ko da Turanci yadda aka ga dama, sannan a layinsa na daban a rubuta:

```
factor(x^2 - 5*x + 6);
```

A danna Esc domin a fita daga yanayin rubutu, a tabbatar alamar rubutu tana kan wannan layi, sai a danna `yyp`, wanda yake kwafar layin ya manna shi a ƙasa. Bayan haka a danna alamar motsin rai sau biyu, `!!`, a rubuta `lissafa`, a danna Enter. Layin na ƙasa zai ɓace, a madadinsa `(x-3)*(x-2)` ta bayyana, tambayar kuma tana nan a samanta. Dalilin fara kwafar layin shi ne, umarnin `!!` maye gurbi yake yi: abin da ya tura shi yake gogewa. Wanda ya tsallake `yyp` zai samu amsa ya rasa tambaya, kuma bayan wata uku babu wanda zai iya tuna daga ina wannan amsa ta fito. Idan hakan ta faru, maɓallin `u` yana dawo da abin da ya ɓace.

Tun da wannan aiki za a maimaita shi sau ɗaruruwa, gara a ɗora shi a kan maɓalli ɗaya. Wannan layi a cikin `.vimrc`, fayil ɗin saitin Vim, yana mayar da shi aikin F5:

```
nnoremap <F5> yyp!!lissafa<CR>
```

Akwai abin da ya kamata a fahimta sosai game da wannan hanya, domin a nan ne mutane suke rikicewa. Duk lokacin da aka danna F5, sabuwar Maxima ce take tashi, ta yi aikin, ta mutu. Ba ta tuna abin da aka faɗa wa wadda ta gabace ta. Idan aka rubuta `a : 5;` a layi ɗaya aka tura, sannan aka tura `a^2;` daban, amsar da za ta dawo ita ce `a^2`, ba 25 ba. Saboda haka duk layukan da suka dogara da juna tare ake tura su. Ga misali irin wanda nake ba 'yan ajina, tun da yawancinsu sun san fadama kafin su san allo: manomi yana da waya mai tsawon mita 120, yana so ya killace fili mai kusurwa huɗu a bakin gulbi, gefen ruwa ba ya buƙatar shinge, wane faɗi zai ba shi fili mafi girma?

```
fili(x) := x*(120 - 2*x)$
s : solve(diff(fili(x), x) = 0, x);
subst(s, fili(x));
```

A bar layi maras komai a sama da ƙasan waɗannan layuka uku domin Vim ya gan su a matsayin sakin layi guda. Sai a danna `yap` a kwafe su, a danna babban `P` a manna, a sauka zuwa kwafi na biyu, a danna `!ip`, a rubuta `lissafa`. Abin da zai fito shi ne `[x = 30]`, a ƙarƙashinsa 1800, wato faɗin mita 30 da tsawon mita 60. Idan gobe aka so a sauya tsawon wayar zuwa mita 200 domin wani ajin, lamba ɗaya za a gyara a sake turawa.

Wani lokaci mutum yana son leƙa amsa ne kawai ba tare da ta shiga fayil ba. Sai ya zaɓi layukan da babban `V`, ya danna ruwa biyu, ya rubuta `w !lissafa`, amsar za ta bayyana a ƙasan allo ta tafi. A kula da tazarar da ke tsakanin `w` da alamar motsin rai. Idan aka haɗe su aka rubuta `w!lissafa`, Vim zai fahimci cewa ana so ya rubuta layukan a cikin fayil mai suna lissafa ko da akwai shi, kuma idan a daidai wurin ne ɗan fayil ɗin umarnin yake, to an shafe shi ke nan.

Matsala biyu ce take yawan aukuwa. Idan aka manta waƙafi mai ruwa a ƙarshen jimla, Maxima ba za ta ga cikakkiyar jimla ba, saboda haka amsa ba za ta zo ba. A gyara layin asali a sake turawa. Ta biyun ta fi ban haushi. Maxima takan yi tambaya a tsakiyar aiki: idan aka ba ta `integrate(x^n, x);` za ta so ta san ko n daidai yake da −1, domin a nan ne amsar take sauya kama ta koma logarizim. A tagar umarni mutum zai amsa mata, amma ta cikin edita babu mai amsawa, sai allon ya daskare ko tambayar ta yi ta maimaituwa. A katse ta da Ctrl da C, sannan a riga ta faɗin abin da take son ji:

```
assume(n > 0)$ integrate(x^n, x);
```

Amsar za ta fito `x^(n+1)/(n+1)` ba tare da gardama ba.

Tun da ana maganar rubuta tambayoyi da Hausa, haruffanmu masu ƙugiya ba sa hana komai, domin layin da aka zaɓa kaɗai ake turawa, sauran rubutun Maxima ba ta ganin sa. A Vim, cikin yanayin rubutu, Ctrl da V sannan `u0199` yana ba da ƙ, `u0257` yana ba da ɗ, `u0253` kuma ɓ. Sai dai a sunayen da ake ba haruffan lissafi na fi son a tsaya a kan baƙaƙe marasa ƙugiya, domin fayil ɗin ya yi aiki a kowace na'ura aka kai shi.

A cikin Emacs

A rubutun Emacs, `C-` yana nufin a riƙe Ctrl, `M-` kuma a riƙe Alt. Ɗan fayil ɗin `lissafa` yana aiki a nan ma: a kwafi jimlar, a zaɓi kwafin, a danna `C-u M-|`, a rubuta `lissafa`, amsar za ta maye gurbin abin da aka zaɓa. Idan ya daskare, `C-g` ne mai ceto.

Amma Emacs yana da nasa injin lissafi a cikin cikinsa, mai suna Calc, wanda Dave Gillespie ya rubuta, kuma ba ya buƙatar a girka komai. Wannan ya sa ya dace da wanda ba shi da kwamfuta sai waya, domin Emacs yana gudana a Android ta cikin manhajar Termux. A rubuta jimla a layinta, da layi maras komai a sama da ƙasa, a ɗora alamar rubutu a kanta, a danna `C-x * e`. Daga wannan lokaci maɓallan ba rubutu suke yi ba, umarni suke ba jimlar a inda take zaune: `a f` yana tsaga ta zuwa ɓangarorin da aka ninka, `a x` yana buɗe baka, `a d` yana yin difarenshiyeshan bayan ya tambayi harafin da ake nufi, `a i` intagireshan, babban `U` kuma yana mayar da ita yadda take. A sake danna `C-x * e` domin a koma rubutu. Calc ya fi Maxima sassauci, domin yana karɓar `2 x` a matsayin ninkawa, amma yana da nasa halayen da dole a sani. Idan aka ba shi `1/3` zai mayar da 0.333333333333, sai an danna `m f` sannan zai riƙe ta a matsayin kaso. Tushen 2 ma haka zai mayar da shi lamba mai ɗigo, sai an kunna `m s`. Umarnin `a S` amsa ɗaya yake bayarwa ko da akwai biyu, `a P` ne yake fito da dukansu. Kuma shi da digiri yake auna kusurwa tun daga farko, abin da ya dace da tambayoyin sakandare, amma yana ɓata difarenshiyeshan: idan ba a danna `m r` an koma radiyan ba, zai liƙa wa cos(x) wani π/180 da ba a nema ba. A ganina Calc ya isa aikin SS1 da SS2, amma a intagireshan mai wuya Maxima ta fi shi nisa.

Hanyar da na fi amfani da ita wajen shirya cikakkiyar takarda ita ce Org, tsarin rubutu da Carsten Dominik ya fara a 2003, wanda yanzu yake zuwa tare da Emacs. Da farko a sanar da shi cewa an yarda ya kira Maxima, ta hanyar sa wannan a fayil ɗin saitin Emacs:

```
(org-babel-do-load-languages
 'org-babel-load-languages '((maxima . t)))
```

Sannan a fayil mai ƙarewa da `.org` a rubuta tambayar, a biyo ta da akwatin lissafi. A ce buhu 3 na shinkafa da buhu 2 na gero sun kama naira dubu 240, buhu 2 na shinkafa da buhu 1 na gero kuma dubu 145:

```
#+begin_src maxima :results output
display2d:false$
print(solve([3*s + 2*g = 240, 2*s + g = 145], [s, g]))$
#+end_src
```

Da alamar rubutu a cikin akwatin, a danna `C-c C-c`. Emacs zai nemi izini, a ce masa `yes`, sai ya rubuta `#+RESULTS:` a ƙasa tare da s = 50 da g = 45. Fa'idar wannan a kan hanyar Vim ita ce tambayar ba ta taɓa goguwa, kuma idan aka gyara lamba aka sake dannawa, sabuwar amsa ce take maye gurbin tsohuwa a wurinta, ba a tara amsoshi masu karo da juna. A lura da `print`: Org yana ba Maxima akwatin ne a matsayin fayil da za ta gudanar a shiru, saboda haka abin da ba a ce ta buga ba ba zai fito ba. Haka kuma kowane akwati zaman kansa yake yi, bai san abin da aka ƙirƙira a na samansa ba. Game da izinin da Emacs yake nema kuwa, ana iya kashe shi, amma ban ba da shawarar haka ba ga wanda yake karɓar fayiloli daga hannun wasu, domin Maxima tana da umarnin `system` da yake iya gudanar da kowane irin aiki a kan na'ura, har da goge fayiloli. A karanta akwatin da wani ya rubuta kafin a ce `yes`.

Wanda yake aikin bincike mai tsawo, inda lissafi ɗaya yake ɗorawa a kan wani har shafuka, zai fi jin daɗin Maxima mai rai wadda ba ta mantuwa. A Debian da Ubuntu kunshin `maxima-emacs` yana kawo wannan: a buɗe fayil mai ƙarewa da `.mac` cikin `maxima-mode`, `C-c C-r` yana tura yankin da aka zaɓa, `C-c C-b` kuma fayil ɗin gaba ɗaya, amsoshi suna fitowa a taga ta biyu. Riƙon da take yi shi ne kuma haɗarinta, domin darajar da aka ba `a` da safe tana nan har la'asar. Umarnin `kill(all)$` yana sa ta manta duk abin da ta riƙe.

Masu rubuta takarda da LaTeX, tsarin da ake tsara rubutun lissafi da shi domin bugu, suna da ƙarin riba. `tex(factor(x^2 - 5*x + 6))$` yana fitar da amsar a shirye cikin harshen LaTeX, da alamomin dala biyu a kowane gefe. A rufe jimlar da alamar dala. Idan aka rufe da waƙafi mai ruwa, kalmar `false` za ta biyo bayan amsar ta shiga takarda. Wani amfani da na samu shi ne rage satar amsa a aji mai cunkoso, ta hanyar fitar da tambaya iri ɗaya da lambobi daban ga kowane layin kujeru:

```
for k:1 thru 4 do print(expand((x - k)*(x + 2*k)))$
```

Wannan yana ba da x² + x − 2, da x² + 2x − 8, da x² + 3x − 18, da x² + 4x − 32, duka masu tsaguwa ba tare da saura ba, kuma nauyinsu ɗaya, babu layin da zai ce an zalunce shi.

Inda amsar na'ura ta bambanta da wadda mai duba jarrabawa yake so

Kawar da kuskuren kwafa ba ya nufin duk abin da ya faɗo a ƙarƙashin tambaya za a miƙa wa ɗalibai yadda yake. Maxima ba ta rubuta + C a ƙarshen intagireshan, alhali ɗalibin da ya bar ta a WAEC ko NECO yana iya rasa maki. Malami ne zai ƙara ta. A wurinta `log` logarizim na asali ne mai tushe e, ba mai tushe 10 na teburin lissafi ba, saboda haka mai son na goma sai ya rubuta `log(x)/log(10)`. Intagireshan na `1/x` tana ba da shi `log(x)` ba tare da sandunan da ke nuna girman lamba ba, sai an kunna `logabs:true$`. Kusurwa kuwa da radiyan take auna ta, akasin Calc, don haka sin na digiri 30 ana rubuta shi `sin(30*%pi/180);` sannan a samu 1/2. Tana kuma riƙe amsa a cikakkiyar siffarta, `sqrt(12)` ya koma `2*sqrt(3)`, sai an nemi lamba mai ɗigo da `float`.

Akwai kuma tambayoyin da take mayarwa ba ta warware ba. Idan aka ba ta `solve(sqrt(x+2) = x, x);` za ta dawo da daidaiton kusan yadda aka ba ta shi. A nan sai malami ya yi abin da yake koya wa yara: ya ninka kowane gefe da kansa, ya tura `solve(x + 2 = x^2, x);`, ya samu 2 da −1, sannan ya mayar da kowace cikin tambayar asali. Za a ga −1 ba ta shiga, domin tushen 1 shi ne 1, ba −1 ba. Na'urar ba za ta yi wannan tankaɗe da kanta ba, tun da tambayar da ta warware ba ita ce ta asali ba.

Saboda irin waɗannan ne nake sa layin tabbatarwa a ƙarƙashin kowace amsa mai nauyi, a cikin akwatin da ya samar da ita. Idan intagireshan aka yi, sai a yi wa amsar difarenshiyeshan a ɗebe abin da aka fara da shi:

```
amsa : integrate(x*exp(x), x);
ratsimp(diff(amsa, x) - x*exp(x));
```

Layin farko zai ba da `(x-1)*%e^x`, na biyu kuma 0 (a akwatin Org sai an sa su cikin `print` za su fito). Idan tsagawa aka yi, a buɗe bakan da `expand` a ɗebe jimlar asali. Idan daidaito aka warware, a mayar da amsar cikinsa da `subst` a ga gefe biyun sun yi daidai. Duk inda layin tabbatarwa ya fitar da wani abu da ba sifili ba, a fara gwada `trigsimp` ko `radcan` a kansa, domin wani lokaci sifilin ne ya ɓad da kama cikin sin da cos ko cikin tushe. Idan bayan haka ma bai koma sifili ba, kada tambayar ta tafi wurin bugu sai an zauna an bi ta da biro.